Goro mai sankara, sai an ɓare shi

Yayana ya yi shekara talatin da ɗoriya yana fataucin goro tsakanin Kumasi da Wagadugu. Tun ina yaro nake kallon yadda yake sayen kaya. Kyawun ganye ba ya ruɗarsa, rantsuwar dillali ba ta shiga kunnensa. Sai ya zura hannu can tsakiyar huhun goro, ya zaro ƙwara uku ko huɗu, ya ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce mini, "Ƙanena, goro mai sankara ba ya nunawa a baya, sai an ɓare shi."

To wannan mutumin, da bai taɓa biyan kuɗin kaya ba sai ya ɓare ya gani, shi ne ya yi wata uku cur yana ƙin a yanki ɗan naman da bai kai ƙwayar wake ba daga kansa a duba. Ni kuma da nake wannan rubutu ina cikin waɗanda suka goya masa baya. Shi ya sa na ga ya zama dole in ba 'yan'uwa fatake labarin, ko Allah ya sa wani ya tsira.

A nan Burkina in ka ce sankara sai a ɗauka marigayi shugaba Toma Sankara kake nufi, don haka mu 'yan Zango mun fi cewa daji ko kansa. Amma Bahaushe da ya ba cutar goro da cutar mutum suna ɗaya, ya san abin da ya gani: duka biyun daga ciki suke ci.

Abin da ke ƙarƙashin hula

Wanzaminmu ne ya fara gani. Tun muna tsohon Zango, wanda Mosawa ke kira Zangwetin, yake yi mana aski, kafin aikin ZACA ya rushe unguwar a 2003, shekarar da babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone. Mun watse, amma bai rabu da gidanmu ba. Wata Juma'a yana cikin aski sai ya tsaya ya ce, "Alhaji, ka bugu ne a nan?" Wani tabo ne a tsakiyar kai, faɗinsa kamar kwabbon dala ashirin, ya ɗan fi sauran fatar duhu. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Yaya ya tuna cewa ya taɓa bugun ƙofar babbar mota a tasha. Aka ce jini ne ya kwanta, zai baje. Ya mai da hula, aka tafi masallaci.

Bayan wata guda bai baje ba, sai ma ya tasa. Wanzami ya yi masa sakiya yana jiran mugunya, sai jini tsantsa. Tun hantsi ake dannawa da tsumma, bai tsaya ba sai wajen la'asar. Zan faɗi gaskiya a kan bawan Allahn nan: shi da bakinsa ya ce, "Wannan ba aikina ba ne, a je asibiti."

An je wani ƙaramin asibiti na unguwa. Aka wanke, aka ɗaure, aka rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya shanye, aka sake rubuta wani. Ana cikin haka lokacin saro kaya ya yi, ya tafi Kumasi. Can ma wani mai kantin magani ya ba shi man shafawa. Kowa ya ga ciwon sau ɗaya, ba wanda ya gan shi sau biyu balle ya ce, "Ai wannan ya fi yadda na bar shi." Mu matafiya wannan ita ce babbar matsalarmu: ciwonmu ba shi da shaida.

Mai shaida ɗaya ita ce Hajiya, matarsa, don ita ke wanke huluna da rigar matashi. Bayan ƙaramar salla ta kira ni gefe ta ce kullum sai ta ga jini, kuma wasu tabo biyu sun fito kusa da na farko, in ya tashi da safe fatar idonsa na hagu a kumbure take.

"Askar wanzami ba ƙarfe ba ce?"

'Yarsa ta uku tana karatun likita a Jami'ar Joseph Ki-Zerbo. Ita ta matsa har aka kai shi wurin likitar fata a babban asibiti. Likitar ta duba da fitila, ta lalubi wuyansa tana neman kaluluwa, sannan ta ce ba za ta sa wa ciwon suna da ido ba, sai an yanki kaɗan an kai ɗakin bincike. Abin da suke kira biyopsi ke nan.

Nan muka ja da baya. Duk mun tashi da jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Kowa yana da labarin wani da aka yi wa aiki bai yi wata biyu ba. Aka koma jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, aka yi rubutu, aka yi sadaka. Ban raina addu'a ba, har gobe ita ce makaminmu, amma addu'a ba ta hana mu zuwa a duba ba, tsoro ne ya hana mu.

Wata rana yarinyar ta same ni a rumfata ina auna shadda. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baffa, ina da tambaya. Askar wanzami ba ƙarfe ba ce?" Na yi shiru. Ta ce waɗanda muke ba da labarinsu ba wuƙa ce ta kashe su ba, sun je ne bayan ciwon ya gama bin jiki, aikin ya zo a makare, sai aka ɗora masa laifi. Ta ce ɗan yankan da likita ke yi don bincike ba shi ke baza daji ba, watannin da ake zaune ne ke baza shi. Da daddare na je na ce wa Yaya, "Kai ka koya mini ɓare goro." Bai amsa ba. Da asuba ya ce a shirya mota.

Yadda ake ɓarewa

Aikin bai kai rabin awa ba. An yi allurar kashe zafi a wurin, aka sa wani ɗan ƙarfe mai zagayayyen baki kamar bututun biro aka cire nama, aka yi ɗinki biyu. Saboda ciwon mai jini ne sai da aka gwada jininsa tukuna, kuma aka danne wurin sosai. Aka sa naman a kwalba cikin ruwan magani mai hana shi lalacewa, na ɗauka da hannuna na kai.

Akwai likitocin da mara lafiya ba ya ganinsu, aikinsu karatun nama. Suna daskarar da shi cikin kakin kyandir, su yanka shi siriri fiye da fatar albasa, su rina shi, su duba a madubin likita. Sakamakon farko bai yanke hukunci ba. Takardar ta ce an ga jijiyoyin jini da yawa, ba a tabbatar ko na lafiya ne ko na daji ba. Raina ya ɓaci, na ce an ci kuɗinmu a banza. Likitar ta yi mini bayani cewa haka wannan ciwon yake: wani sashensa yana kama da tarin jijiyoyi marar illa, wani sashen kuma ya rikiɗe har ba a gane daga jijiya ya fito. Aka sake yanka daga wani gefe, aka yi masa rini na musamman wanda ke kama ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyar jini. A takardar za ka ga an rubuta CD31 da CD34. Rinin nan yana da tsada kuma ba kowane ɗakin bincike ke da shi ba, mun yi makonni muna jira.

Sunan da ya fito shi ne anjiyosarkoma. Daga ranar da wanzami ya tsai da aska zuwa ranar da muka ji wannan suna, wata tara.

Mene ne shi?

Ni ba likita ba ne, boko ma a rumfa na koye shi. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin likitoci da 'yar Yaya. Kowace jijiyar jini tana da shafi siriri a cikinta, kamar yadda tela ke yi wa babbar riga. Anjiyosarkoma daji ne na wannan shafin. Yana da wuyar samu ƙwarai: ko cikin dangin dajin da ke kama tsoka da kitse da jijiya, waɗanda su ma ba su da yawa, bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Likita na iya gama aikinsa bai gamu da shi ba, don haka ba na riƙe kowa a zuci.

Ya fi fitowa a fatar kai da fuskar dattijai. A jikin Bature yakan fito ja ko shuɗi, a gan shi da wuri. A baƙar fata duhu ne a kan duhu, ga hula, ga rawani. Yana kuma fitowa a nono, wani lokaci shekaru bayan an yi wa mace gashin daji a wurin. A 1948 likitoci biyu a New York, Stewart da Treves, suka ba da rahoton mata shida da ya fito musu a hannun da ya daɗe a kumbure bayan an cire musu nono. Haka ma ƙafar da ta yi shekaru da kumburi irin na tundurmi, jefi-jefi yakan fito a kanta. Akwai kuma na hanta: a 1974 aka gano shi a jikin ma'aikatan wata masana'antar roba a jihar Kentaki ta Amurka, waɗanda suka daɗe suna shaƙar iskar sinadarin da ake haɗa robar da shi. Masu sayar da bokiti da buta kada hankalinku ya tashi, iskar cikin masana'anta ake magana, ba kayan rumfarku ba. Mafi yawan masu ciwon dai, kamar Yaya, ba a samun dalili.

Abin da ciwon ke jawowa

Na farko jini. Tunda da jijiya aka gina shi, ƙaramin gogawa sai ya ɓalle. Kaɗan-kaɗan kullum har jinin Yaya ya yi ƙasa, tafin hannunsa ya yi fari, hawa matakalar masallaci ta gagare shi. Sau biyu ana yi masa ƙarin jini, samarin Zango suka yi layi suka bayar, Allah ya saka musu. A wasu marasa lafiyan ciwon yana cinye ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, shi ya sa ake yawan gwada su.

Na biyu kumburi, don yana toshe hanyoyin da ruwan jiki ke bi. Abin da ya rufe masa ido ke nan. Na uku, gyambon da ya buɗe yana ɗaukar ƙwayoyin cuta, ya yi wari, ya kawo zazzaɓi.

Na huɗu shi ne mai tsanani. Ciwon da ke zaune cikin hanyar jini ba ya wahalar tafiya, kuma huhu ya fi nufa. Saboda haka da suna ya fito aka tura mu hoton sikana na kai da ƙirji da ciki. Hoton ya nuna ya riga mu isa. A fatar kai ma abin da ido ke gani kaɗan ne, yana yaɗo a ƙarƙashi kamar kabewa. Da an zo yana tabo ɗaya, in ji likita, da an yi maganar yanke shi da faɗi a bi da gashi, tunda tun 2021 akwai cibiyar gashin daji a Bogodogo, ba sai an fita waje kamar da ba. Ba ta ce lalle da ya warke ba, don ciwo ne mai taurin kai ko an kama shi da wuri. Ta ce da an sami abin yi fiye da wanda ya rage mana.

An sa shi a kan maganin daji na ƙarin ruwa mai suna paclitaxel. Wallahi ya yi amfani: jinin ya ragu, idon ya buɗe, har ya koma zama a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa. Wani dare numfashi ya sarƙe masa farat ɗaya, da sara a ƙirji. Ashe irin ƙurajen da ciwon ke yi a huhu kamar 'yan balan-balan suke, ɗaya ya fashe, iska ta taru ta danne huhun. An sa masa roba a haƙarƙari aka zuƙe, ya samu sauƙi. Duk mai jinyar irin wannan ya riƙe: numfashi ya sarƙe kwatsam, ko tari da jini, ba a jiran gari ya waye. Bayan wata biyu abin ya dawo, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ɗan'uwansa da ya fi yawa a ƙasashenmu

Ba a yi shekara ba wani maƙwabcina a kasuwa, matashi mai iyali, ya kira ni bayan rumfa ya ɗage ƙafar wando. Da izininsa nake faɗa. Wasu ƙulalai ne baƙaƙe a ƙafa da idon sawu, ƙafar ta kumbura ta yi tauri. Ya ce wata biyar yana ɓoyewa da safa, don ya ji ana cewa wannan tabon masu sida ne, wato ƙanjamau.

Wanda yake tsoro sunansa Kaposi, shi ma daga shafin jijiyoyi yake tasowa, kuma a Afirka ya fi na Yaya yawa nesa ba kusa ba. Sunan wani likitan fata ne, Moritz Kaposi, da ya bayyana shi a birnin Biyana a 1872, fiye da shekara 100 kafin duniya ta san sida. A 1994 Yuan Chang da Patrick Moore suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa shi, HHV-8. Mutane da yawa na ɗauke da ita, galibi ta yawu ake ɗauka, kuma yawancinsu har su mutu ba ta yi musu komai. Sai garkuwar jiki ta yi rauni take samun ƙofa. Gaskiya ne sida ce ta fi buɗe wannan ƙofa, amma akwai na dattijai, akwai na waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, akwai kuma wanda aka daɗe da sani a Afirka a ƙafafun mazan da ba su da sida sam.

Shi ma ido ba ya yanke masa hukunci. Wani bincike da aka yi a Yuganda da Kenya, aka buga a 2016, ya duba naman mutum fiye da 1,000 da ma'aikatan lafiya suka zaci Kaposi ne, sai kusan ɗaya cikin huɗu ya fito wani abu dabam. Akwai ma wata cuta mai kama da shi sak wadda maganin kashe ƙwayoyin cuta ke warkarwa. Ka ga in aka yi aiki da ido, wani zai sha maganin daji a banza, wani kuma a bar nasa dajin yana ci. Kaposi na iya fitowa a ganɗar baki, ya shiga hanji ya sa bayan gida ya yi baƙi, ko ya shiga huhu. Amma yana jin magani fiye da na Yaya, kuma in sida ce sanadi, maganinta kyauta ne a asibitocin gwamnati a nan Burkina, sau da yawa shi kansa yana sa tabon ya ja baya.

Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari na ɗauke shi a babur. An yi biyopsi, an yi gwajin jini. Kaposi ne. Abin da gwajin jinin ya nuna tsakaninsa da likitansa ne, ban tambaya ba, kuma ban ga wanda ya isa ya tambaya ba. Yau yana rumfarsa, jiya ma mun yi musu a kan canjin sidi.

Guzurin matafiyi

Ba kowane tabo ne daji ba, yawancinsu ba komai ba ne. Jan tabon da ke fito wa jarirai ma galibi da kansa yake bajewa, sai dai in yana girma da sauri ko ya yi tauri a kai yaro asibiti. Amma tabo mai kama da bugu da ya wuce wata guda bai baje ba, ko yana faɗi, ko yana jini da an taɓa, ko sabon ƙulli a hannu ko ƙafar da ta daɗe a kumbure, wannan na likitan fata ne. Kada a yi masa sakiya, kada a kafa masa ƙaho. In an sha magani zagaye biyu ba canji, ka buɗe baki ka tambaya, "Likita, ba za a yanka a duba ba?"

Manyan asibitocin koyarwa su ke da masu karatun nama: Yalgado Ouédraogo a nan Wagadugu, Souro Sanou a Bobo, Komfo Anokye a Kumasi, Korle Bu a Ankara, Sylvanus Olympio a Lome, na Malam Aminu Kano a Kano, na Shika a Zariya. Ka ɗauki hoton ciwon da waya duk mako, ka ajiye kwabbo a gefensa don a ga girma, wannan shi ne shaidarka. Takardun asibiti su zauna inda fasfo yake. In an yanka, kada ka tsallaka iyaka ka manta da sakamako, ka bar lambar wanda zai karɓa. In jinya za ta koma wata ƙasa, ka roƙi a ba ka ɗan dunƙulen kakin da naman ke ciki, wani likitan zai iya sake dubawa ba sai an sake yanka ba.

Iyayenmu mata masu wanke hula, in kun ga jini ku yi magana, ko maigida zai ɓata rai. Wanzamai kuma ku ne ke ganin abin da mai kai ba ya gani. Namu har yau yana zuwa ranar Juma'a. Yanzu kafin ya jiƙa kai sai ya juya mutum wajen haske ya duba tsaf, kuma ya riga ya tura dattijai biyu asibiti. Duka biyun ba a sami komai ba, ɗayan har ya yi masa faɗan ɓata masa kuɗi. Ya ce ya ji, ya yarda a yi masa faɗan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na kan hanya, ya jiƙan magabatanmu. Amin.